Jirgin Sama Mai Araha: Ina Arahar Take?

Kowane mutumin Birnin Zariya ya san ƙarar jirgin sama tun yana goye. In ka tsaya da hantsi a Ƙofar Doka ko Babban Dodo ka ɗaga kai, da wuya ka rasa ganin ƙananan jiragen nan na makarantar koyon tuƙin jirgi suna kewaya gari, su tafi su komo kamar shirwa. Tun 1964 aka kafa makarantar nan a Zariya, da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma matuƙa jirgi da makanikai da masu ba jirgi hanya daga hasumiya da yawa a ƙasar nan a nan suka koyi aikinsu. Chinyere Kalu, mace ta fari 'yar Nijeriya da ta zama matuƙiyar jirgin fasinja, a nan ta yi karatu, daga baya ma ta komo ta shugabanci makarantar. To, jama'a, garin da ke koya wa ƙasa tashi sama, mutum nawa a cikin ganuwarsa ke iya sayen tikiti su shiga jirgin? Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan.

Za a ce mana ai jirgin sama abin masu hannu da shuni ne, ina ruwan talaka da shi. Dā haka ne, ba mu musa ba. Amma a tuna da abin da ya faru a watan Maris na 2022, wanda kowa ya gani da idonsa. Ran 26 ga wata 'yan bindiga suka kai hari filin jirgin saman Kaduna, suka kashe mai gadi guda. Kwana biyu bayan haka, ran 28, aka tare jirgin ƙasan da ya taso daga Abuja zuwa Kaduna, aka kashe mutane, aka kwashi waɗansu aka yi daji da su, na ƙarshensu ba su ga gida ba sai watan Oktoba. Jirgin ƙasan bai koma aiki ba sai 5 ga Disamba. Hanyar mota kuwa tsakanin Kaduna da Abuja, a lokacin nan, wanda zai bi ta sai ya yi sallama da iyalinsa irin sallamar da ba a so. Kamfanonin jiragen sama kuma suka janye daga Kaduna na wani lokaci. Watau mutumin Zariya da ke da mara lafiya a Abuja, ko jarrabawar neman aiki a Ikko, sai ya nufi Kano ya nemi jirgi ko yana so ko ba ya so. Tun daga ran nan jirgin sama ya daina zama abin ƙawa ga mutanen Arewa, ya zama hanyar tsira da rai. Abin da ya zama tilas kuwa, dole a yi maganar kuɗinsa a fili.

Bari mu ba ku labarin wani maƙwabcinmu, ba za mu faɗi sunansa ba, ba kuma za mu faɗi sunan kamfanin ba. Maɗinki ne, irin masu aikin babbar riga da garin nan ya yi suna da su, ya yi watanni yana fama da allura a kan riguna na wani biki da za a yi a Ikko. Aiki ya ƙare a ƙurarren lokaci, babu halin ba direban mota saƙo. Ɗansa ya duba wayarsa ya ce, "Baba, ga wani tikiti mai sauƙi na samu." Aka biya. Dattijo ya yi asuba, ya hau babur zuwa Kwangila, ya shiga motar Kano, daga tasha ya ɗauki wata motar zuwa filin jirgi. Tun bai ga jirgi ba ya riga ya biya kuɗin hanya sau uku.

Da ya kai gaban teburi aka ɗora jakarsa a sikeli, yarinyar da ke wurin ta ce, "Alhaji, tikitin nan naka ba shi da kaya. Sai ka biya na jaka dabam." Ya ce, "'Yata, mutum zai yi tafiya daga nan har Ikko ba kaya? To, me zai kai shi?" Ta ce ita haka aka rubuta, yana nan a cikin ƙa'idodin da aka yarda da su lokacin saye. Ƙa'idodin nan da Turanci suke, da ƙananan baƙaƙe, a ƙasan shafin da ba mai kai wa gare shi. Ya biya. Ya zauna jiran jirgin azahar. Aka ce an ɗaga zuwa la'asar "saboda dalilin aiki". La'asar ta yi, aka ce magariba. Ba wanda ya miƙo masa ko ruwa. Bayan isha'i sai aka ce jirgin ba zai zo ba sam, kowa ya kama gabansa, ma'aikatan kuma suka sulale ɗaya ɗaya. Allah ya taimake shi yana da ɗan'uwa a Fagge, can ya kwana. Wanshekare ya sayi tikitin wani kamfani da kuɗin da ya fi na farko nesa ba kusa ba, don biki ba ya jiran kowa. Ribar rigunan nan duka a nan ta tafi.

Mu muka rubuta masa takardar neman a mayar masa da kuɗinsa, da yake aikinmu ke nan, akawu. Mun rubuta ta fari, mun rubuta ta biyu, mun rubuta ta uku. Sai da wata ya kama ya mutu, wani ya kama ya mutu, kana kuɗin suka komo, ba tare da ko kalmar ban haƙuri ba, kuma ban da kuɗin jakar.

Kada wani ya ce tsautsayi ne ya faɗa wa mutum guda. Hukumar NCAA, wadda ke lura da harkar jiragen sama, ita da kanta ta ba da lissafi cewa a watannin Satumba da Oktoba na 2024 kaɗai, jiragen cikin gida sun yi jinkiri sau 5,225, an kuma soke tafiya 190. Tashin da aka yi duka a watannin nan biyu bai kai 11,000 ba. Watau kusan kowane jirgi biyu, ɗaya bai tashi a kan lokacinsa ba. Kuma a lura, wannan tun hunturu bai kankama ba ne, lokacin da hazo ke rufe Kano da Kaduna da Sakkwato, kamfani ya sami abin fakewa na gaskiya da na ƙarya.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne doka tana nan, ba a rasa ta ba. A cikin dokokin hukumar nan akwai kashi na 19, wanda aka yi musamman domin haƙƙin fasinja. Ya ce in jirgin cikin gida ya yi jinkirin awa biyu, kamfani ya ba fasinja abin taɓawa. In ya wuce awa uku, fasinja na da ikon ya ce a ba shi kuɗinsa. In jinkirin ya kai tsakar dare, kamfani ya nema masa masauki ya kuma kai shi. Kuɗin wanda ya saya ta intanet a mayar masa cikin kwana 14, wanda ya biya hannu da hannu a ba shi nan take. A kan kowane tikiti kuma ana cire kashi 5 cikin 100 a miƙa wa hukuma, watau fasinja shi ke biyan albashin masu tsare masa haƙƙi. To, maƙwabcin namu ya san da wannan? Wa ya taɓa karanta masa da Hausa? A wane bango aka manna? Dokar da mai haƙƙi bai san da ita ba, kamfani kuma ya san ba za a kama shi ba in ya taka ta, ai ado ce a cikin kabad. A ƙarshen 2024 hukumar ta ce ta ɗauki mataki a kan kamfanoni biyar saboda irin waɗannan laifuffuka. Madalla. Amma jinkiri dubu biyar da kamfani biyar, kowa ya iya lissafi ya auna.

Yanzu bari mu zo ga kuɗin kansa. A watan Agusta na 2021 kamfanin Green Africa ya fara aiki da sunan jirgi mai araha, yana tallar tikiti daga Naira 16,500 a gajerun hanyoyi, mutane suka ce to, ga sauƙi ya zo. Wata shida bayan haka, a Fabrairun 2022, sai aka wayi gari yawancin kamfanonin ƙasar nan sun mai da mafi ƙanƙantar tikiti Naira 50,000, kusan a rana ɗaya, kamar an buga musu ƙararrawa. Mafi ƙanƙantar albashi a lokacin Naira 30,000 ne. A 2024 aka ɗaga albashin zuwa Naira 70,000, amma kafin shekarar ta ƙare tikitin zuwa kaɗai daga Kano zuwa Ikko ya haye Naira 100,000 a yawancin ranaku, balle a ce lokacin Kirsimeti ko Salla. Lebura ya yi aikin wata guda cur, bai sami kuɗin zaman awa ɗaya da rabi a kujera ba, ban da dawowa.

Gaskiya ɗaya ce, ba za mu ɗora wa kamfanoni laifin duka ba. Ruwa ba ya tsami banza. A watan Mayu na 2022 ƙungiyar masu jiragen ta rubuta cewa man jirgi ya tashi daga Naira 190 zuwa Naira 700 kowace lita, har suka yi barazanar ajiye aiki, aka lallashe su suka fasa. Mai shi ne kaya mafi nauyi a wuyan mai jirgi. Sa'an nan jirgin kansa yawanci haya ne daga waje, da dala ake biya. Inshora da dala. Kayan gyara da dala. Babban duban lafiyar jirgi, wanda ake yi bayan 'yan watanni goma sha, sau da yawa sai an kai shi wata ƙasa, nan ma dala. Fasinja kuwa da Naira yake biya. A watan Yuni na 2023 Gwamnati ta saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da ke wajen Naira 460 a banki ta wuce 1,500 a farkon 2024. Mai sayen kaya da dala ya sayar da Naira a irin wannan hali, ko waliyyi ne sai ya ƙara kuɗi, ko ya rufe shago. Da yawa sun rufe. Ina Okada? Ina Chanchangi? Ina Kabo, wanda Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa a Kano, wanda dā sunansa ya zama kamar sunan jirgin sama a bakin Bahaushe? Jirage suka ragu, matafiya ba su ragu ba, kuma kowace 'yar talla ta san abin da ke faruwa in kaya ya yi ƙaranci a kasuwa. Ƙarancin jiragen nan kuma shi ne uwar jinkiri: jirgi guda ake sa wa ya zaga gari biyar ko shida a wuni, in ya makara a Fatakwal da safe, mutumin Kano ne zai biya da dare.

Amma wa ya riƙe akalar Naira? Wa ya bar ƙasa mai haƙo mai ta yi shekaru tana sayo man jirgi daga waje, matatunta huɗu suna kwance, har da ta Kaduna nan kusa da mu, sai da matatar Ɗangote ta fara fitar da shi a 2024? Kamfanin jirgin ƙasa baki ɗaya, Nigeria Airways, wanda aka kafa a 1958, ya mutu a 2003 da bashi a kansa, ma'aikatansa suka yi shekaru suna bin haƙƙinsu, waɗansu har suka rasu ba su karɓa ba. A Yulin 2018 aka tafi har Farnborough a Ingila aka nuna wa duniya suna da tambarin sabon kamfani, wai Nigeria Air. Ran 26 ga Mayu 2023, saura kwana uku Gwamnatin ta sauka, aka sauko da jirgi guda a Abuja da fenti kore da fari, aka yi jawabai aka ɗauki hotuna. Ba a jima ba aka shaida wa kwamitin Majalisar Wakilai cewa jirgin na kamfanin Habasha ne, haya aka yi, kuma ya riga ya koma gidansu. A Agustan 2024 kotu ta rushe yarjejeniyar. Ko amaryar da aka yi wa aron gado da kwalla, ai akan bari ta kwana bakwai kafin masu kaya su zo.

Masu tallar araha sukan kawo mana misalin Turai da Amurka, sai mu duba misalin da kyau. Kamfanin Southwest ya fara a 1971 a jihar Texas, tsakanin garuruwa uku, Dallas da Houston da San Antonio. Abokin gasarsa na gaske motar da ke ƙofar gidan kowa ce, ga hanya lafiyayya, don haka dole tikitinsa ya yi sauƙin da mutum zai ajiye mota. Ryanair na ƙasar Ayalan da easyJet na Ingila suka ɗauki dabarar: jirgi iri ɗaya don gyara ya yi sauƙi, kujeru a matse, ba abinci sai ka saya, jirgi ya sauka ya juya cikin rabin awa, jaka da zaɓen kujera kowanne da kuɗinsa. Mutanen can ma suna kuka da wannan yankan aljihu, har Southwest ɗin da ya daɗe yana alfahari da ɗaukar jaka kyauta ya fara karɓar kuɗinta a 2025. Amma akwai abu biyu da ke riƙe da kamfanonin can. Na ɗaya, in sun tsawwala, mutum ya juya ya shiga jirgin ƙasa. Na biyu, a ƙasashen Tarayyar Turai akwai dokar 2004 wadda ke sa kamfani ya biya fasinja diyya daga Yuro 250 zuwa 600 in ya soke tafiya ko ya yi mummunan jinkiri da laifinsa, kuma ana biya, don kotu na tsaye. Namu sun kwaso rabin dabarar, rabin da ke cika aljihunsu, watau kuɗin jaka da hana ruwan sha. Rabin da ke tsare fasinja an bar shi a can.

Wannan shi ne gindin maganarmu. Jirgin sama ba zai yi araha ba muddin ba shi da kishiya a ƙasa. Mai jirgi ya san ba ka da wata hanya, me zai sa ya rage maka? Kuma in akwai garin da ya kamata ya fahimci wannan, Zariya ce, don tashar jirgin ƙasa ita ta raya Sabon Gari. Dogo ya ratsa ta nan ya kai Kano a 1911. Daga nan aka ja ƙaramin layi zuwa Jos, wanda ya yi aiki har 1957. Daga nan kuma aka ja na Gusau har Ƙaura Namoda a 1929. Kakanninmu sun shiga jirgi a Zariya sun sauka Ikko da kayansu niƙi-niƙi, ba wanda ya ce tikitinsu ba shi da jaka. Sabon layin Abuja da aka buɗe a 2016 ya tsaya a Rigasa. A Yulin 2021 aka aza harsashin ci gabansa daga Kaduna zuwa Kano ta Zariya, amma har 2025 ta ƙare bai ɗauki fasinja ko guda ba. Hanyar mota daga Abuja zuwa Kano an ba da kwangilarta a Disambar 2017. Kashin Kaduna zuwa Zariya da na Zariya zuwa Kano an yi su, mun gani mun kuma yaba, don ba mu hana wa mai aiki yabonsa. Amma kashin Abuja zuwa Kaduna, wanda ya fi kowanne cin rai, shekara bakwai aka yi ana jan ƙafa har aka soke kwangilar a Nuwamban 2024 aka sake ba wani.

Saboda haka ga abin da muke nema, ba kuwa roƙo muke yi ba, don kuɗinmu ne. Farashin da kamfani zai yi talla da shi ya zama shi ne wanda mutum zai biya, da jaka guda a ciki, a rubuta shi da manyan baƙaƙe. Haƙƙin fasinja a fassara shi da Hausa da sauran harsunan ƙasa, a manna a kowane teburin sayar da tikiti a Kano da Kaduna da Katsina da Sakkwato, a kuma riƙa faɗa a rediyo, tun da kashi biyar ɗin nan ya isa ya biya. Sanarwar jinkiri a yi ta da harshen da mutanen da ke zaune a wurin suke ji, a kuma faɗi dalilin gaskiya, a daina ɓuya a bayan "dalilin aiki". Kamfanin da ya wuce kwana 14 da kuɗin mutum, a ci shi tarar da za ta fi kuɗin yawa, wani kashi na tarar ya tafi ga mai haƙƙi. Hukuma kuma ta riƙa buga sunayen kamfanoni kowane wata a jaridu, wane ya makara sau nawa, wane ya soke sau nawa, mai saye ya zaɓa da idonsa buɗe.

Wakilanmu da ke Majalisar Tarayya su ma muna da tambaya gare su. Su ne suka fi kowa hawa jiragen nan, kowane mako suna kan hanya tsakanin Abuja da gida, sun san jinkirin, sun san farashin. Bambancin kawai su a ɗakin manyan baƙi suke jira, da sanyi da shayi, kuma ba daga aljihunsu tikitin ke fita ba. Muna so ɗan majalisar da ke wakiltar Zariya ya tashi a zauren ya tambayi Ministan Sufuri ranar da jirgin Kaduna zuwa Kano zai tsaya a garin nan ya ɗauki mutane, da wata da shekara, a rubuta amsar, mu kuwa za mu buga ta a wannan shafi mu ajiye kwafi a fayil.

Maƙwabcin namu an sake ba shi aikin riguna na wani bikin a Ikko. Ya ce wannan karon zai gama da sauran mako biyu, ya ba direban babbar mota a Kwangila, shi kuwa ya zauna a shagonsa.